Labarin Gwaninta da Gaggawa a Sana'ar Rubutun Manhaja

Kowace sana'a tana da mutum biyu waɗanda ba su rabuwa, ba su kuwa cika shiri ba. Na ɗaya shi ne mai yin abu da hannunsa, na biyu mai kai shi kasuwa. Mai yi yana so a ba shi lokaci ya kyautata aikinsa, don sunansa ke kai. Mai sayarwa kuwa yana so a gama yau, don ya san in ya makara wani ya riga shi, kasuwa ta watse. Wannan jayayya ta daɗe tsakanin masaƙi da dillali. A zamanin nan ta sami sabon fili, watau sana'ar rubutun manhaja, wadda ta tashi a Amurka da Turai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ga labarin yadda ta gudana, tun daga fari har ran da inji ya soma rubutu da kansa.

Asalin sana'ar

Kwamfuta na'ura ce mai saurin lissafi, amma ba ta san kome ba sai abin da aka umarce ta. Jerin umarnin da a ke rubuta mata shi a ke kira manhaja. Ana rubuta shi shaɗara bayan shaɗara, a ce mata in ta ga kaza ta yi kaza, in ba ta gani ba ta koma wuri kaza. Manhaja ce ke riƙe da lissafin kuɗin mutane a banki, ita ke kai magana cikin wayar hannu, ita ce kuma ke taimakon matuƙin jirgin sama. Babban aibin kwamfuta shi ne ba ta da hankalin da za ta ce, "Ai ba haka mai rubutu ya ke nufi ba." In an yi mata kuskure, ko da na harafi ɗaya ne, sai ta aikata shi yadda aka rubuta, sau dubu kafin a ƙifta ido.

Dabarar ba inji umarni daga sana'ar saƙa ta fito. Wajen shekara ta 1804 wani Bafaranshe mutumin birnin Liyon, sunansa Jakar, ya gyara injin saƙa wanda ke fid da ado a jikin zane ta bin hujin da aka yi wa kati. In an sake kati sai adon ya sake. Masu ƙera kwamfuta suka ari wannan dabara, suka daɗe suna ba ta umarni da kati mai huji.

A cikin 1946 aka nuna wa jama'a wata ƙatuwar kwamfuta a birnin Filadelfiya na Amurka, sunanta ENIAC, nauyinta kusan tan 30. Mata shida ne suka fara shirya mata aiki. Wayoyi su ke cirewa su sossoka a wani wuri, su mummurɗa maɓallai, har lissafi ɗaya ya kan ci kwanaki kafin a shirya shi. Mai irin wannan aiki tilas ya san injin kamar yunwar cikinsa.

Tafinta na fari

Bayan haka aka koma rubuta umarni da lambobi da alamomin da inji ke ganewa. Aiki ne mai wuya, gwanayensa kaɗan ne, suna kuwa ji da kansu. Kamfanoni suka ga kuɗin da a ke kashewa kan masu rubutu ya kusa kai kuɗin injin kansa, suka shiga neman hanya mai sauƙi.

A cikin 1954 wani ma'aikacin kamfanin IBM, Jon Bakus, ya kama aiki da 'yan mutanensa, suka fitar da wani harshen rubutu a 1957, suka sa masa suna FORTRAN. Da shi mutum ya kan rubuta umarni kusan yadda a ke rubuta lissafi a makaranta, sa'an nan wata manhaja mai aikin tafinta ta juya shi zuwa harshen inji. Tsofaffin gwanaye suka yi tsaki, suka ce aikin tafinta ba zai taɓa kai na hannu ba. Bakus ya san haka za su ce, saboda haka mutanensa suka shekara uku suna gyaran tafintan, har abin da ya ke fitarwa ya kusa kamo na hannu. Ba a daɗe ba jama'a suka karɓa, zaton gwanaye bai tabbata ba. Amma a lura da abu biyu. Saurin da aka samu haƙurin shekara uku ne ya haife shi. Kuma wannan tafinta amintacce ne, in an ba shi magana ɗaya sau ɗari, fassara ɗaya zai bayar.

Lissafin Buruks

Da rubutu ya yi sauƙi sai buri ya ƙaru, aka shiga gina manhajoji manya manya. A cikin 1964 IBM ya ba da sanarwar sababbin kwamfutocinsa masu suna System/360. Fared Buruks shi ne ya shugabanci aikin babbar manhajar da za ta tafiyar da su. An kai lokacin da mutum fiye da 1,000 ke kan aikin, duk da haka ya makara, ya ci kuɗi fiye da yadda aka ƙiyasta, da ya fito kuwa da kurakurai a ciki. Ba IBM kaɗai ya sha wannan wahala ba. A watan Oktoba na 1968 ƙungiyar NATO ta tara masana wajen 50 a garin Garmish na Jamus, suka yi shawara kan abin da ya sa ayyukan manhaja ke makara, suna tsada, suna kuma lalacewa. Suka ga ya kamata a mai da sana'ar aikin injiniya mai ƙa'ida, kamar ginin gada.

Buruks ya rubuta littafi a 1975 kan abin da ya koya. Ya nuna cewa in aikin manhaja ya makara, aka ƙaro mutane don a hanzarta, sai ya daɗa makara, gama tsofaffin ma'aikata za su bar aiki su koma koya wa baƙi, shawara kuma ta yi yawa. Rijiyar da mutum biyu za su haƙa cikin wata guda, mutum sittin ba za su haƙa ta a yini ɗaya ba, don ramin ba ya ɗaukarsu.

Ya kuma ba da lissafin yadda ya kan raba lokacin aiki. Sulusi ya kan ba shawara da tsari, watau a san abin da a ke so a gina. Sudusi kaɗai ya kan ba rubutun kansa. Sauran rabin duka na gwaji ne da neman kuskure. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi, don za a komo kansa.

Gwaninta da tsadarta

An ga amfanin aiki da natsuwa ran 20 ga Yuli 1969. Ana saura 'yan mintoci kumbon Apollo 11 ya sauka a kan wata, sai kwamfutarsa ta fara ba da alamar aiki ya yi mata yawa. Wata mace, Magaret Hamilton, ita ke shugabancin masu rubuta manhajar kumbon a makarantar fasaha ta MIT. Tun da wuri masu aikin sun yi tunanin irin wannan rana, suka tsara manhajar yadda in kaya ya yi mata nauyi za ta ajiye ƙananan ayyuka ta riƙe manya. Haka kuwa ta yi, Nil Amsturon da Baz Aldirin suka sauka lafiya.

Amma irin wannan aiki yana da tsada. A cikin 1996 wata mujallar Amurka ta ba da labarin masu rubuta manhajar kumbon da ke zuwa sama ya komo. Su 260 ne, manhajar shaɗara 420,000 ce, an kuwa sami kuskure ɗaya ɗaya ne kaɗai cikin fitowa uku na ƙarshe da ta yi. Kuɗin aikin dala miliyan 35 ne kowace shekara, gwamnati ke biya. Ɗan kasuwa ba shi da wannan hali, maganarsa kuma ba a rasa gaskiya a cikinta ba. Kamfanin Netscape shi ke gaba wajen manhajar shiga intanet a tsakiyar shekarun 1990. A cikin 1998 mutanensa suka ga tsohuwar manhajarsu ta cuɗe, suka yi shawarar a ajiye ta a gina sabuwa mai tsabta. Ba ta fito ba sai Nuwamba 2000. Kafin nan Microsoft, wanda ke haɗa tasa manhajar kyauta cikin Windows, ya kwashe kasuwa.

Wani gwani, Wad Kaningam, ya kawo misali a 1992 wanda ya sasanta maganar, har yau ana amfani da shi. Ya kwatanta aikin gaggawa da cin bashi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ya kan kuma fid da mutum kunya in ya biya da wuri. Amma in ya bar shi, ruwa ya dinga hawa, har duk abin da ya samu ya tafi wajen biyan ruwa. Haka manhajar da aka yi da garaje aka ƙi komawa a gyara, kowane sabon aiki a kanta ya kan fi na baya wuya. Kamfanin Facebook ya yi shekaru da kirarin a yi sauri ko da za a fasa kaya. A cikin 2014 shugabansa Mak Zukabag ya sake kirarin, ya ce tsayawa gyaran abin da aka fasa yana cinye saurin da aka samu.

Ranar biyan bashi

Ran 4 ga Yuni 1996 ƙasashen Turai suka harba sabuwar rokarsu, Ariane 5, daga Kuru a Kudancin Amurka, tana ɗauke da taurarin ɗan Adam huɗu. Wajen sakan 40 da tashinta ta karkace ta tarwatse. Da aka bincika sai aka tarar an ɗauko wani yanki na manhajar tsohuwar roka, Ariane 4, an sa a sabuwar, ba a gwada shi da irin tafiyar sabuwar ba, don an ga bai taɓa ba da matsala ba. Sabuwar kuwa ta fi gudu, sai wata lamba ta fi ƙarfin gurbin da aka tanadar mata. Kwamfutar da aka ajiye don ko-ta-kwana ita ma manhaja ɗaya gare ta, saboda haka ciwo ɗaya ya kama su duka biyu.

Ran 1 ga Agusta 2012 kuma abin ya faɗa kan Knight Capital, wani kamfanin dillancin hannun jari a Amurka. An sa sabuwar manhaja a kwamfutocinsa bakwai, aka tsallake ta takwas, ba kuwa a sa wani ya bi sawun mai sawar ba. Da kasuwa ta buɗe sai wata tsohuwar manhaja da aka daɗe da bari a cikin ta takwas ɗin ta farka, ta shiga saye da sayarwa ba ji ba gani. Cikin minti 45 kamfanin ya yi hasarar dala miliyan 440. Shekara na kewayowa ya narke cikin wani kamfani. A wurare biyun nan rubutu ba shi ne ya gagara ba, dubawa aka rage.

Inji ya ɗauki alƙalami

A watan Yuni na 2021 kamfanin GitHub, mallakar Microsoft, ya fito da Copilot, ran 30 ga Nuwamba 2022 kuma kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT. Irin waɗannan su a ke kira ƙirƙirarriyar basira. An ɗura musu rubuce-rubucen mutane masu ɗimbin yawa, har da manhajojin da aka shimfiɗa a intanet, suka koyi abin da ya saba bin bayan wani abu. Mutum ya kan faɗa musu bukatarsa da magana irin ta yau da kullum, su zubo masa manhaja shaɗara ɗari nan take. Zuwa 2025 an sami waɗanda su kan buɗe aikin da kansu, su gyara, su gwada, mutum yana kallo.

Wannan sabon marubuci ya bambanta da tafintan Bakus. In an yi masa tambaya ɗaya sau biyu, ya kan ba da amsa iri biyu. In ya yi kuskure kuwa, da kyakkyawan hannu ya ke rubuta shi, ba inda za a ga alamar shakka.

Saurinsa ba abin musu ba ne. A cikin 2022 GitHub ya raba marubuta 95 kashi biyu, ya ba su aiki ɗaya. Masu Copilot suka gama cikin sa'a 1 da minti 11 bisa matsakaicin lissafi, sauran kuwa sa'a 2 da minti 41. Sai dai mai kayan ne ya yi awon, aikin kuma ƙarami ne, sabo fil. A watan Oktoba na 2024 shugaban Google, Sunda Ficai, ya ce fiye da rubu'in sabon rubutun manhajar kamfaninsa inji ne ke yi, sa'an nan injiniyoyi su duba su karɓa.

Waɗansu masana suka auna ta wani gefe. A cikin 2021 masu bincike na Jami'ar Niyok suka sa Copilot ya rubuta manhajoji 1,689 a wuraren da aka san ana yawan tuntuɓe, suka tarar wajen kashi 40 cikin 100 suna da kafar da ɓarawo zai iya shiga. A cikin 2022 aka yi wani gwaji a Jami'ar Istanfod, aka ga masu aiki da inji sun fi barin irin wannan kafa, sun kuma fi sakankancewa aikinsu ba shi da aibi. A watan Yuli na 2025 wata ƙungiyar bincike mai suna METR ta ba da labarin gwajin da ta yi wa ƙwararru 16, da ayyuka 246 cikin manyan manhajojin da suka daɗe suna kula da su. Kafin a fara sun zaci inji zai rage musu kashi 24 cikin 100 na lokaci. Da aka gama suka ce ya rage musu wajen kashi 20. Agogo kuwa ya nuna lokacin ƙaruwa ya yi da kashi 19, gama sun ɓata shi wajen yi wa inji bayani, da jiransa, da gyaran abin da ya rubuto. Sauri ya haifi nawa ke nan. Masu binciken sun ja kunne cewa awon na injunan farkon 2025 ne, injunan kuwa kullum ƙara ƙwarewa su ke yi. Abin da ya fi ba da tsoro cikin labarin shi ne gwani da kansa bai iya gane ko sauri ya ke yi ko nawa ba.

A watan Fabrairu na 2025 wani mashahurin masani, Andire Kafati, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa OpenAI, ya ba da labarin wata hanya da ya ke wasa da ita. Ya kan faɗa wa inji abin da ya ke so, ya karɓi duk abin da ya rubuto ba tare da ya karanta ba. Ya raɗa mata suna da Turanci, ma'anarsa ta yi kusa da rubutun ganin dama. Shi dai ya ce ta dace da ƙananan ayyukan da ba a damu da su ba, amma mutane da yawa suka ɗauke ta suka kai kasuwa. A watan Yuli na wannan shekara wani ɗan kasuwar Amurka, Jeson Lemkin, yana gina manhaja da injin kamfanin Replit, ya umarce shi kada ya taɓa kome. Injin ya share masa rumbun bayanai mai ɗauke da sunayen shugabannin kamfanoni fiye da 1,200, ya kuma ce ba za a iya maido da su ba. Ashe ana iyawa, aka kuwa maido. Shugaban Replit ya ba da haƙuri, kamfanin ya raba wurin gwaji da wurin aiki na ainihi, abin da tsofaffin gwanaye suka daɗe suna yi.

Inda maganar ta tsaya

To, a komo kan lissafin Buruks. Inda inji ya fi ƙarfi shi ne sudusin nan na rubutu. Sanin abin da a ke so a gina yana wuyan mutum, haka kuma tabbatar da cewa abin da aka gina shi ne aka nufa. Gaskiya ne inji yana taimako wajen gwaji ma, amma ba a karɓar shaidar mutum a kan aikin kansa, balle ta inji. Da ya ke rubutu ya yi araha, abin dubawa ya yawaita, bashin da Kaningam ya faɗa ya zama da sauƙin ci. Kamfanin da ya ga rubutu ya yi sauri, ya rage masu dubawa, ya koma kan hanyar da Knight Capital ya bi.

Akwai kuma damuwa a kan almajiran sana'ar. Ƙananan ayyukan da sabon shiga ke koyon hannu da su, su ne inji ya fi iyawa. A cikin 2025 masana tattalin arziki na Jami'ar Istanfod suka ba da lissafin cewa yawan marubuta manhaja 'yan shekara 22 zuwa 25 da ke bakin aiki a Amurka ya ragu da kusan kashi 20 cikin 100 tun daga ƙarshen 2022. Mai duba aikin inji tilas ya zama gwani, gwani kuwa daga almajiri ya ke fitowa. In aka daina ɗaukar yara, wa zai duba aikin inji nan da shekara ashirin?

Tarihin sana'ar nan bai ba ɗaya daga cikin mutum biyun gaskiya duka ba. Gwanayen da suka raina FORTRAN an wuce an bar su, Netscape ya tsaya kyautatawa kasuwa ta tashi. Waɗanda suka tsallake dubawa kuma sun biya da roka da dukiya. Abin da ya raba gardama shi ne a tambayi wa zai ɗauki hasara in abin ya rushe. Rumfar zana a kan kafa ta da safe a ci kasuwa a ciki, in iska ta kayar a sake wata. Soron da mutane za su kwana a ƙarƙashinsa kuwa, magini ya kan ɗora tubali ya bari ya bushe kafin ya ɗora wani, ko da mai gida yana tsaye yana faɗa. Manhajar banki da ta asibiti da ta jirgin sama soro ne. Ko an sami yaro mai kawo tubali dubu kafin a ƙifta ido, in soro ya faɗi ba yaron za a kira gaban alƙali ba, maginin da ya sa sunansa a aikin za a nema.